Hurarre Ko Saukakke? Littafi Mai Tsarki a Ƙasar Kazaure

Matafiyin da ya biyo hanyar Kano zuwa Daura, ya ratsa ta duwatsun Kazaure, ba zai ga abin da zai sa ya yi tunanin Kirista ba. Ƙasar Musulmi ce tun zamanin Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, kuma duk inda mutum ya waiga masallaci ne da makarantar allo. Sai wanda ya saki kwalta ya nausa cikin ƙauyuka zai ci karo, nan da can, da 'yar majami'a ta jikokin Maguzawa, ginin ƙasa da rufin kwano, bencina a jere, mata gefe guda maza gefe guda. A cikin garuruwa irin su Kazaure da Babura kuma akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai daga wasu jihohi, masu nasu cocin.

A irin waɗannan majami'u na ƙauye akwai littafi guda da ba a rasawa a hannun dattawa. Baƙin bango ne da shi, an naɗe shi cikin leda saboda damina da gara, gefen shafukansa ya yi duhu don yawan taɓawa, kuma in an buɗe shi sai katin baftisma ko tsohuwar takardar asibiti ta faɗo. Mai shi zai iya zama manomin gyaɗa wanda ko firamare bai gama ba, amma ya san inda Zabura take ba tare da ya duba jerin littattafai ba. Maƙwabcinsa Musulmi, wanda suke gayya tare, suke zuwa jana'izar juna, wata rana a gindin bishiya zai jefo masa tambayar da aka saba: "Malam, wai wanne ne na ainihin? Ai an ce an sake shi." Shi kuma ya amsa da abin da ya ji daga bakin fasto: "Maganar Allah ce, ba ta sakewa." A yi dariya, a koma zancen taki.

Tambayar da amsar duka sun yi gajarta, kuma kowannensu ya ɗauka ya fahimci ɗan'uwansa. Abin da ya ɓoye musu shi ne kalmomi ɗaya suke amfani da su, Littafi, wahayi, Linjila, alhali abin da kowa yake nufi daban ne.

Yadda littafin ya iso yankin ma labari ne. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, don gudun saɓa alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba. A shekarun 1930 ne aikin jinyar kutare ya buɗe ƙofa, mishan ɗin SIM ya karɓi wurare irin su Yadakunya kusa da Kano, ya kuma samu tasha a Roni inda ya yi makarantar kwana ta yara maza. Cocin ECWA, da aka kafa a 1954, shi ya gaji wannan aiki. Littafin da suka riƙa koyar da karatu da shi kuwa ya riga su. Tun 1857 wani Bajamushe mai suna Schön ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, yana jingina da wani saurayi Bahaushe, Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, kuma mafi yawan nauyinsa a wuyan Likita Miller na Zariya da Wusasa yake, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna tace kalmomi. A lura da shekarar: ƙamus ɗin Bargery bai fito ba sai 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma sai 1939. Wato wannan littafi yana cikin manyan littattafan farko da aka buga da Hausar boko. Wajen 1980 aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin harshe, daga baya wasu suka biyo.

Nan ne zargin farko yake samo tushe. Musulmin da ya ga bugu biyu, ɗaya na cewa Yesu Kristi ɗaya na cewa Yesu Almasihu, jimlolinsu kuma ba iri ɗaya ba, sai ya ce to ga shi, gani ya kori ji. Yana da dalili a bisa ma'auninsa. Ya tashi ya ga alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka, wasali bai kuskure ba, in kuwa ya kuskure gardi na gefe zai gyara masa. A wurinsa Alƙur'ani saukakke ne, lafazi da ma'ana, da Larabci, ta hannun Mala'ika Jibrilu, ga Annabi guda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin shekara 23. Shi ya sa da Shaihu Abubakar Gumi ya fitar da nasa aikin a 1979 ya kira shi tarjamar ma'anoni, domin Hausar ba ita ce Alƙur'anin ba, kuma ba a salla da ita.

Kirista bai taɓa da'awar haka game da littafinsa ba, ko da yake wasu masu wa'azi kan yi magana kamar haka ne. Abin da ke cikin baƙin bangon nan ɗakin karatu ne guda: littattafai 66 a wurin Furotesta, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, Katolika kuma suna da 73. An rubuta su da Ibrananci da ɗan Aramiyanci da Helenanci, a tsawon ɗaruruwan shekaru, kuma marubutan sun haɗa da sarki da makiyayi da firist da likita. Akwai tarihi, akwai doka, akwai waƙar makoki, akwai wasiƙu na gaske waɗanda aka aika wa mutane sanannu. A ƙarshen wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, marubucin yana roƙon a taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafansa. A wasiƙar farko ga Korantiyawa Bulus ya lissafa waɗanda ya yi wa baftisma, sa'an nan ya ce bai tuna ko akwai saura ba. Luka kuma ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa ya bi diddigin labarin daga waɗanda suka gani da ido kafin ya rubuta. Ɗalibin ilimi Musulmi da ya karanta wannan zai ce ai wannan salon sira ne da hadisi, kuma ta fuskar siffa bai yi kuskure ba.

Kalmar da Kiristocin Hausa suke amfani da ita ita ce hurarre. Ta fito daga wata kalmar Helenanci da ke nufin abin da Allah ya hura wa numfashi, kuma masu fassara sun dace da ita, domin Bahaushe ya san hura wuta, ya san hura rai. Ma'anar a wurinsu ita ce Ruhu Mai Tsarki ya bi da marubutan, suka rubuta abin da Allah ya nufa, amma da harshensu da salonsu da halinsu. Saboda haka fassara ba ta rage wa littafin tsarki. Tsohuwar da ake karanta wa Luka da Hausa a wani ƙauyen Gwiwa, a aƙidarsu, Maganar Allah take ji kai tsaye, ba tafsirinta ba. Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya da ya koyar a jami'ar Yale, ya gina littafi guda a 1989 a kan wannan batu, cewa addinin Kirista tun ranar farko a fassare yake, tun da Almasihu da Aramiyanci ya yi wa'azi amma da Helenanci aka rubuta maganarsa. Masana kwatanta addinai ma sukan ce matsayin da Alƙur'ani yake da shi a Musulunci, na Kalmar da ta sauko daga sama, a wurin Kirista Almasihu ne da kansa yake da shi, littafin kuwa shaida ne a kansa.

In an gane wannan, sai tambayar ta rabu biyu. Ta ɗaya, shin abin da ke hannun mutane yau shi ne abin da aka rubuta tun farko? Ta biyu, shin abin da aka rubuta ɗin daga Allah yake? Ta farko tana da amsa a ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi.

Ba a da ainihin takardar da Bulus ko Markus ya riƙe da hannunsa. Abin da ake da shi kwafe-kwafe ne, kuma suna da yawa: na Sabon Alkawari da Helenanci kaɗai sun kai kusan 5,800, ban da na Latin da Suriyanci da Kibɗanci da Habashanci. Wanda ake ɗauka ya fi tsufa ɗan guntun takardar gargajiya ne da bai cika tafin hannu ba, an samo shi a Masar, yana ajiye a Mancesta, ɗauke da 'yan layuka daga sura ta 18 ta Bisharar Yahaya, kuma yawancin masana sun sa shi a ƙarni na 2. Sa'an nan akwai manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, ɗaya a Batikan, ɗaya kuma wanda wani masani mai suna Tischendorf ya gano a gidan sufaye na Dutsen Sina'i a 1844 da 1859, Ingila ta sayi mafi yawansa daga hannun Rasha a 1933 a kan fam 100,000. Tsohon Alkawari kuwa sa'arsa ta zo a 1947, lokacin da wani makiyayi Balarabe ya faɗa wa tuluna a wani kogo a Kumran, gefen Tekun Gishiri. A ciki aka sami naɗaɗɗen littafin Annabi Ishaya cikakke, wanda ya girmi haihuwar Almasihu da fiye da shekara 100, ya kuma girmi tsofaffin kundayen Ibrananci da aka sani a lokacin da kusan shekara 1,000. Da aka jera su, sai aka ga bambancin yawanci na rubutun kalma ne da ƙananan abubuwa.

Wannan shi ne ɓangaren da fastoci suke son faɗa. Akwai wanda ba su cika faɗa ba.

Kwafe-kwafen ba su yi daidai da juna ɗari bisa ɗari ba. Tun 1707 wani malami a Ingila, John Mill, ya tattara saɓani kusan 30,000 a tsakaninsu, yau kuwa lissafin ya kai dubban ɗaruruwa. Mafi yawansu tuntuɓen alƙalami ne, irin na magatakarda da barci ya fara ɗauka: ya tsallake layi, ya maimaita kalma, ya sauya jerin suna. Littafin Sarakuna na biyu ya ce Ahaziya yana da shekara 22 ya hau sarauta, na Tarihi na biyu a matanin Ibrananci ya ce 42, abin da zai sa ya girmi mahaifinsa. Amma akwai wurare masu nauyi. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, babu su a kundayen nan biyu na ƙarni na 4. Labarin matar da aka kama da zina aka kawo don a jefe ta, a farkon sura ta 8 ta Yahaya, babu shi a mafi tsufan kwafe-kwafe. Jimlar da ta fi kowace fito da aƙidar Triniti a fili, a wasiƙar Yahaya ta farko 5:7, ƙari ce da ta shigo daga Latin, kuma fassarorin zamani sun cire ta. Abin lura shi ne waɗanda suka tono duk wannan ba abokan gaba ba ne. Malaman Kirista ne, su suka kwatanta takardun, su suka sa bayani a ƙasan shafi. Bart Ehrman, wanda littafinsa na 2005 a kan wannan batu ya zagaya duniya kuma masu muhawara suke yawan ambatonsa, almajirin Bruce Metzger ne. Sun dubi hujja ɗaya, malamin ya mutu yana Kirista mai ganin matanin ya tsira, almajirin ya bar addinin, ko da yake shi da kansa ya ce matsalar wahalar da ke duniya ce ta fitar da shi.

Hukuncin adalci a nan, a ganin mai wannan rubutu, shi ne matanin Sabon Alkawari ya iso da kyau fiye da na kowane littafi na zamaninsa, kuma wuraren shakka sanannu ne, ana iya nuna su da yatsa. Wanda ya ce ko ɗigo bai motsa ba ya wuce gona da iri. Wanda kuma ya ce wani sarki ko wani Fafaroma ya zauna ya sake littafin bayan zuwan Musulunci, kundin Sina'i ya ƙaryata shi, domin ya riga haihuwar Annabi da kusan shekara 200, kuma abin da ke cikinsa kusan shi ne ake karantawa yau.

Ingancin kwafi kuwa bai tabbatar da ingancin labari ba, tsugune ba ta ƙare ba. Wasiƙun Bulus sun fara wajen shekara ta 50, Markus wajen 70, Yahaya kusa da ƙarshen ƙarni na farko, wato tsakanin abin da ya faru da rubuta shi a cikin Bisharu akwai shekara 35 zuwa 65 da labarin yake yawo a baki. Malamin hadisi zai nemi isnadi, wane daga wane, kuma ba zai same shi a irin tsarin da ya saba ba. Masu haƙar ƙasa sun tabbatar da abubuwa da dama: dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya a 1961, rubutun da ya ambaci gidan Dawuda a Tel Dan a 1993, da wani a Delfi da ya nuna Galiyo yana mulki wajen shekara ta 51, daidai lokacin da Ayyukan Manzanni ya sa Bulus a Koranti. Amma ƙidayar da Luka ya danganta da Kiriniyus ta ƙi zama lafiya da tarihin sarki Hirudus, wanda ya mutu shekara goma kafin ƙidayar da aka sani, kuma har yau ana kai ruwa rana a kanta.

Malaman Musulunci na da ma ba su yi magana da murya ɗaya ba a kan tahrifi, wato zancen an canza littattafan. Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsaya kai da fata cewa lafazin kansa aka canza. Ibn Khaldun ya karkata ga cewa a fassara da tawili aka karkatar. Al-Biƙa'i, a ƙarni na 15, ya riƙa kawo nassoshin Attaura da Linjila cikin tafsirinsa, har ya sha suka daga malaman Alƙahira. Zafin da muhawarar take da shi yau ya fi kusa da mu: daga Indiya ya taso, daga karon Shaihu Rahmatullahi da ɗan mishan Pfander a Agra a 1854, ya biyo ta hannun Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu, wanda kaset ɗin karonsa da Jimmy Swaggart a 1986 ya shiga kusan kowane shagon bidiyo a Arewa. Da yawa daga tambayoyin da ake jefa wa ɗalibi Kirista a ɗakin kwanan kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure jikokin wannan kaset ne, sun dai koma WhatsApp da TikTok.

Wani abu da ya kamata masu muhawarar su ajiye shi ne littafin da ake kira Linjilar Barnaba. Kwafinsa mafi tsufa da harshen Italiya yake, na ƙarshen ƙarni na 16, kuma ya ce Isa ba shi ne Almasihu ba, abin da ya saɓa wa Alƙur'ani kansa. Haka nan Kiristan da yake rama gayya da zancen Warshu da Hafsu bai taɓo komai ba, domin duk gardin tsangaya ya san riwayoyi ne karɓaɓɓu. Hujjar Musulmi mai ƙarfi ta fi wannan sauƙi: Linjilar da Alƙur'ani ya ambata littafi ne da aka ba Annabi Isa, alaihis salam, waɗannan huɗun kuwa labarai ne da wasu suka rubuta a kansa. Amsar Kirista ita ce Almasihu bai zo da littafi ba, shi ne saƙon, kuma babu wata takarda ta ƙarnin farko da aka samu mai kama da waccan Linjila. A nan takardu sun gama nasu aikin, abin da ya rage aƙida ce.

Tambaya ta biyu, ta hurarre, haka take tun farko. Ba a auna ta da tsufan fata ko tawada. In aka tambayi mai bishara me ya sa ya gaskata, zai ambaci annabce-annabcen da yake ganin sun cika, da yadda Almasihu ya riƙa kafa hujja da Attaura da Zabura, da shaidar ikilisiyar farko, wadda jerin littattafai 27 ɗin ya bayyana cif a wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya a shekara ta 367. In aka matsa masa cewa ai littafi ne yake yi wa kansa shaida, mai gaskiya a cikinsu zai yarda cewa a ƙarshe abin da ya ji a zuciyarsa ne ya rinjaye shi. Su kansu Kiristoci ba su daidaita a kan iyakar kalmar ba. Taron Batikan na biyu, a 1965, ya ce littafin yana koyar da gaskiyar da Allah ya nufa domin ceto ba tare da kuskure ba, lafazin da ya bar sarari. Masu ra'ayin bishara da suka taru a Chicago a 1978 sun ce babu kuskure ko a tarihi, amma a takardun asali, waɗanda ba a da su. ECWA a wannan ɓangaren take, kuma Byang Kato, wanda ya yi sakatarenta kafin ya rasu a teku a Mombasa a 1975, yana cikin waɗanda suka fi kare wannan matsayi a Afirka.

Inda gizo yake saƙa a ƙasar Kazaure shi ne ba a cika koya wa yaron majami'a tarihin littafinsa ba. An ce masa Maganar Allah ce, an tsaya nan. Ranar da ya fara jin zancen ƙarshen Markus, daga bakin abokin gardama zai ji, a gaban mutane, sai ya ga kamar an ɓoye masa wani abu ne, alhali bayanin yana ƙasan shafi a yawancin bugun zamani. Abokin nasa kuma, da ya ga ya yi shiru, sai ya ɗauka ya rushe ginin gaba ɗaya da aya 12.

Tun 2009 aka ɗora hotunan kundin Sina'i a intanet, shafi bayan shafi, har da gyare-gyaren da magatakarda na baya suka yi a gefe da wata tawada. Duk mai waya da 'yar data a Roni ko Babura zai iya buɗe shi. In ya je ƙarshen Markus zai ga rubutun ya tsaya a aya ta 8, inda matan suka gudu daga kabari cikin tsoro, magatakardan ya yi ɗan ado a ƙasa, ya rubuta sunan littafin, sa'an nan ya soma Luka a saman jerin rubutu na gaba.